Sunan Asma'u: Asalinsa da Tafiyarsa Daga Waƙen Larabawa Zuwa Ƙasar Zamfara

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanar da Annabi Adamu sunayen abubuwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A Talatar Mafara da Bakura da Maradun, kamar sauran garuruwan da suka rayu ƙarƙashin tutar Sakkwato, da wuya a shiga makarantar allo ko ta Islamiyya a rasa yarinya mai suna Asma'u. A cikin gida akan taƙaita shi a ce Ma'u, wasu su ce Husna, wasu kuma su sakaya shi da Nana saboda alkunya. Idan aka tambayi mahaifi sunan wa ya mayar ranar da aka yanka rago, amsar ba ta cika wuce biyu ba: ko 'yar Sayyidina Abubakar, ko 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Duka amsoshin daidai ne. Sai dai sunan ya girmi matan nan biyu, kuma matsayin mai ɗauke da shi a cikin adabi ya yi ta sauyawa: da farko mace ce da mawaƙi yake magana a kanta, daga baya ta zama mace mai tambaya da ruwaya, a ƙarshe ta zama ita ce mai riƙe da alƙalami. Muhawarar da ta share fagen mataki na ƙarshe kuwa a ƙasar Zamfara aka yi ta, tun kafin a haifi Nana Asma'u.

Saɓanin malaman nahawu

Tun a ƙarnonin farko na Musulunci malaman Basra suka saɓa a kan tushen kalmar. Sibawaihi ya tafi a kan cewa asalinta Wasma'u, bisa ma'aunin fa'ala'u, daga wasama, wato kyawun fuska da kwarjini, sai aka musanya wawun farko da hamza. Irin wannan musanya a wawu mai fataha ba ta da yawa a Larabci, amma tana nan, kamar yadda ahad ta fito daga wahad. Mubarrad kuwa yana ganin kalmar jam'in ism ce kawai, bisa ma'aunin af'al, wato "sunaye", aka ɗauke ta aka raɗa wa mutum.

Abin da ya sa maganar ta yi tsawo a littattafan sarfu shi ne Larabawa sun raɗa wa maza ma wannan suna. Akwai sahabi Asma'u ɗan Harisa na ƙabilar Aslam, akwai kuma Asma'u ɗan Kharija, shugaban Fazara a Kufa, wanda ya yi suna wajen kyauta. Ko a kan namiji sunan ba ya karɓar tanwini. Ga mai bin Sibawaihi dalilin a fili yake, domin alifin tanisi mai madda yana hana tanwini ko wa aka sa wa sunan. Mai bin Mubarrad kuwa sai ya nemi wata hujja, ya ce sunan ya rinjaya ga mata har ya zama nasu, don haka namijin da aka sa wa shi hukuncinsa ɗaya da namijin da aka sa wa Zainab. Ra'ayin Sibawaihi ya fi sauƙin tafiya, domin bai buƙaci wani ƙarin bayani ba.

Bahaushe bai shiga wannan muhawara ba, amma harshensa ya bar alamu biyu a kanta. Ta farko, wasalin ƙarshe. Hausa ba ta son rufe kalma da baƙi, saboda haka ta riƙe rufu'ar da ɗalibi yake ji a bakin malaminsa lokacin karatu, ta mayar da ita wani ɓangare na sunan. Haka aka sami Asma'u da Hauwa'u da Zahra'u, kamar yadda aka sami Maryamu da Halimatu da Muhammadu. Wannan shaida ce cewa sunan ta hanyar littafi da zaure ya shigo, ba ta bakin fatake ba. Alama ta biyu ita ce laƙabin Husna. Wanda ya fara kiran Asma'u da Husna ya ji kalmar ne a matsayin jam'i, ya tuna kyawawan sunayen Allah, ya cike mata abin da ya saba ji yana biye da ita. Ashe ke nan jama'a sun bi Mubarrad ba tare da sun san shi ba, alhali ma'anar kyau da laƙabin ya ɗauko ita ce wadda Sibawaihi ya gani a tushen sunan. Ya kamata kuma ɗalibi ya rarrabe wannan suna da kalmar asma mai alifi maƙsura, wadda take nufin mafi ɗaukaka. Sun yi kama a kunne, amma gininsu ya bambanta.

A bakin mawaƙan Jahiliyya

Kafin Musulunci, Asma'u tana cikin 'yan sunayen da mawaƙi yake buɗe ƙasida da su, tare da irin su Hindu da Su'adu da Salma. Mu'allaƙar Haris ɗan Hilliza ta fara ne da ambaton wata Asma'u da ta sanar da shi rabuwa, kafin ya wuce ga ainihin abin da ya kawo shi, wato kare ƙabilarsa ta Bakr a gaban sarkin Hira, Amru ɗan Hindu. Muraƙƙish Babba kuma an san shi da son 'yar baffansa Asma'u 'yar Aufu, wadda aka aurar ga wani yana can wajen tafiya, kuma masu tarihin adabi suna lissafa shi cikin waɗanda bege ya yi ajalinsu. A waɗannan waƙoƙi Asma'u ba ta cewa komai. Ita ce wadda ta tashi da ayari, aka bar mawaƙi a kufai yana kuka, sannan a juya ga raƙumi ko yaƙi ko yabon sarki.

Sahabbai mata uku

Da zuwan Musulunci sunan ya sami wasu masu shi da tarihi ya riƙe maganarsu da aikinsu. Ta farko, kuma wadda aka fi sani, Asma'u 'yar Abubakar Siddiƙu, Allah Ya yarda da su, yayar Uwar Muminai A'isha ta wajen uba. Ita ce ta tsaga ɗamararta biyu ta ɗaure guzurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na mahaifinta a daren hijira, aka yi mata laƙabi da ma'abuciyar ɗamara biyu. Masu sira sun kawo cewa Abu Jahil ya mare ta har ɗan kunnenta ya faɗi a kan ta faɗi inda mahaifinta yake, ba ta faɗa ba. Ta yi hijira da tsohon ciki, ta haifi Abdullahi ɗan Zubairu a Ƙuba, shi ne ɗan fari da aka haifa wa Muhajirai a Madina. Ta yi zaman talauci da Zubairu ɗan Awwam, tana kiwon dokinsa, tana ɗauko ƙwallayen dabino a ka daga gonarsa. Ta rayu kimanin shekara 100, ta ga an yi wa ɗanta ƙawanya a Makka a shekara ta 73 bayan hijira, ta ƙarfafa masa gwiwa kada ya miƙa wuya don tsoron mutuwa in dai ya san a kan gaskiya yake, kuma ba ta daɗe ba bayan kashe shi ta rasu.

Wannan shi ne ɓangaren da masu wa'azi suka fi kawowa. Amma ɗalibin Muwaɗɗa ya san ta da wata fuska. Imamu Malik yana ruwaitowa daga Hishamu ɗan Urwa, daga matarsa Faɗimatu 'yar Munzir, daga kakarta Asma'u, kuma ta wannan silsila aka sami hukunce-hukuncen da suka shafi tsarkin mata, kamar yadda za a wanke tufar da jinin haila ya taɓa. Mace ta ji, ta faɗa wa jikanyarta, jikanyar ta faɗa wa mijinta, sannan ya isa ga limamin Madina. Ita ce kuma ta tambayi Manzon Allah ko ya halatta ta sada zumunci da mahaifiyarta Ƙutaila wadda ba ta musulunta ba, aka ba ta izini.

Ta biyu Asma'u 'yar Umais, wadda ta yi hijira zuwa Habasha da mijinta Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, bayan shahadarsa a Mu'uta ta auri Abubakar, bayan rasuwarsa ta auri Aliyu. Haihuwar da ta yi a Zul Hulaifa a hanyar Hajjin Bankwana, da aiken da ta yi tana tambayar yadda za ta yi, su ne asalin hukuncin haramar mai jinin biƙi. Ta uku Asma'u 'yar Yazidu ɗan Sakan, Ba'ansariya, wadda masu tarihin sahabbai suke kira mai magana da yawun mata, saboda ita suke wakiltawa ta je ta yi tambaya a madadinsu. Abin lura a nan shi ne, duk ukun fiƙihu ya amfana da tambayar da suka yi. Wanda ya raɗa wa 'yarsa wannan suna daga cikin malamai ya san haka.

Faru da Magami

A cikin shekarun 1780 Shehu Usmanu ya bar Ɗegel ya shiga Zamfara yana wa'azi, tare da ƙanensa Abdullahi. Ƙasar a lokacin tana cikin rauni, domin Gobirawa sun ci Birnin Zamfara tun zamanin Sarkin Gobir Babari, suka kafa Alƙalawa a ƙasarta. Abdullahi ya faɗa a Tazyinul Waraƙat cewa sun yi kimanin shekara 5 a can, ya kuma siffanta mutanenta da cewa jahilci ya yi musu rinjaye. Daga wuraren da Shehu ya zauna akwai Faru, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Maradun, mazaɓa ɗaya da Magami. A Magami ne, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Babbar Salla ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi a maimakonta a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana mai amsawa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji.

Labarin Magami kowane ɗalibin tarihin jihadi ya san shi. Wanda ya fi shafar wannan bincike shi ne wani abu da ya auku a cikin wannan tafiya ta Zamfara, a wani wuri da Abdullahi ya kira Daura. Wani malamin Barno mai suna Mustafa, wanda aka fi sani da Goni, ya tarbe su da waƙar Larabci yana yi wa Shehu maraba, amma yana neman ya hana mata halartar wa'azinsa, saboda cuɗanyar maza da mata abar ƙi ce a shari'a. Shehu ya umarci Abdullahi ya ba shi amsa, shi kuma ya amsa da waƙa. Taƙaitaccen abin da ya ce shi ne: ba su yarda da cuɗanya ba, suna ma hana ta, amma ko da an sallama akwai ɓarna a fitowar mata, barin su cikin jahilcin abin da Allah Ya wajabta musu ya fi ta girma, kuma ƙa'ida ce a kawar da babbar cuta da ƙarama.

Bai kamata a yi wa Goni rashin adalci ba. Abin da ya faɗa yana cikin littattafan da shi da Shehu duka suka karanta, kuma mafi yawan malaman zamanin suna tare da shi. Bambancin yana ga abin da kowannensu ya kalla: shi ya kalli majalisin, su kuwa sun kalli gidajen da matan suka fito, inda mace za ta tsufa ba ta san farillan alwala ba. Shehu bai bar maganar a nan ba. A Nurul Albab ya zargi malaman da suke karantar da almajiran waje safe da yamma, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu, ya kuma yi wani littafi na musamman, Tanbihul Ikhwan, kan halascin kafa majalisi domin karantar da mata.

Tagwayen Ɗegel

Bayan 'yan shekaru da komawarsa Ɗegel, a 1793, matarsa Maimuna ta haifi tagwaye, namiji da mace. Al'adar da Hausawa da Fulani suka gada a kan tagwaye sananniya ce: Hassan da Husaini, ko Hassana da Husaina, wanda ya biyo bayansu kuma Gambo. An sa wa namijin Hassan yadda aka saba. Macen kuwa Shehu ya kauce wa al'ada ya sa mata Asma'u, kuma masu binciken rayuwarta sun tafi a kan cewa sunan 'yar Abubakar ya mayar.

Akwai masu son su karanta wannan zaɓi a matsayin ishara ga hijirar da za ta zo, tun da yarinyar ta yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804 tana da shekara 10 da 'yan watanni, kamar yadda mai sunanta ta yi hidimar hijirar farko. Kamancen yana da daɗin faɗa, kuma jama'ar Shehu da kansu sun riƙa auna matakan tafiyarsu da sira. Amma tsakanin ranar suna da hijira akwai fiye da shekara 10, kuma a 1793 dangantaka da Gobir ba ta kai ga yankewa ba. Abin da yake kusa da Shehu a lokacin shi ne gardamar da ya baro a Zamfara. Mutumin da aka ƙalubalanta a kan zaman mata a majalisinsa, sannan ya zaɓa wa 'yarsa sunan matan da hadisi ya san su da tambaya da ruwaya, ya fi kyau a fahimci zaɓinsa ta wannan fuska.

Ita ma yarinyar ta taka ƙasar Zamfara. Bayan nasarar Tabkin Kwatto da asarar da aka yi a Tsuntsuwa a 1804, yunwa ta matsa wa jama'a, suka koma Sabon Gari a Zamfara a 1805, suka yi watanni kafin su wuce Gwandu. Waɗannan zangogi ta jera su daga baya a waƙarta ta Fulatanci, Filitago, wadda aka mayar Hausa da sunan Waƙar Gewaye, kuma ta wannan waƙa ce mata da yawa da ba su karanta Infaƙul Maisur ba suka san tarihin jihadi.

Mai alƙalami

Nana Asma'u ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello kuma wazirinsa, ta rayu har 1864, aka rufe ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato. Abin da ya iso na rubutunta ya kai kimanin 60, da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da Larabci ta rubuta Tanbihul Gafilin da Tabshirul Ikhwan, ta kuma yi musayar waƙa da malamai, har da wani baƙo daga Shinƙiɗi. Da Hausa ta fassara waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa, ta tsara irin su Godaben Gaskiya da Dalilin Samuwar Allah. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani cikin gajeriyar waƙa domin mai farawa ya haddace jerinsu. Da Bello ya rubuta littafinsa kan salihan mata, ita ce ta mayar da shi waƙa, wadda ake kira Tawassuli ga Mata Masu Albarka, kuma ba ta tsaya ga Iyayen Muminai da Rabi'atul Adawiyya ba, ta shigar da matan jama'arta da ta sani ido da ido cikin jerin. Wannan ƙari ba ƙaramin abu ba ne: ta nuna wa mai sauraro a ƙauye cewa silsilar ba ta yanke a Basra ba.

Yawancin waƙoƙinta na kai marsiyyoyi ne. Ta yi wa baffanta Abdullahi, ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta, ta yi wa ƙawarta A'isha, ta yi wa matan da ba su da sarauta ba su da dukiya, kamar Hauwa'u, ɗaya daga jagororin ɗalibanta. Wanda ya karanta Mu'allaƙat sannan ya karanta waɗannan zai ga abin ya juya. A can Asma'u ce take tafiya a bar mawaƙi da kuka. A nan mutane ne suke tafiya, Asma'u ta zauna ta yi kukan, ta kuma ƙirga halayensu. A marsiyyar Bello ma abin da ta fi tsayawa a kai ilminsa ne da tausayinsa da kyautarsa, ba yaƙe-yaƙensa ba, ko da yake ta yi waƙa ta daban kan yaƙin Gawakuke na 1836.

Matsalar da Goni ya tayar kuwa ta warware ta a aikace da tsarin 'Yan Taru. Matan aure masu ƙuruciya suna zaune a gidajensu. Dattijai mata da 'yan mata ƙanana su ne suke tafiya, ƙarƙashin jagorancin wata amintacciya da ake kira jaji, wadda Nana take naɗa wa malfa da jan ƙyalle. Su zo wurinta su koyi waƙoƙin, su koma ƙauyukansu su koyar da waɗanda ba su iya fitowa ba. Babu cuɗanya, kuma ba a bar kowa cikin jahilci ba, wato an biya buƙatar ɓangarorin biyu na gardamar Daura. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da tsarin, ƙanenta Isa ya mayar da wasu waƙoƙinta Hausa. Rubuce-rubucen sun tsira a gidan Waziri, har suka iso hannun Waziri Junaidu, wanda yake daga zuriyarta, kuma da taimakonsa Jean Boyd ta rubuta tarihinta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a 1997.

Daga nan ne sunan ya sami nauyin da yake da shi a yammacin ƙasar Hausa. A Misira ko Sham, in an ce Asma'u, 'yar Abubakar aka fi tunawa. A Sakkwato da Zamfara kuwa sunan ya haɗu da Nana har sun zama kamar kalma ɗaya, makarantun mata da ɗakunan kwanan ɗalibai suna ɗauke da shi, kuma uban da ya zaɓe shi a Bakura ko Mafara yakan yi fatan 'yarsa ta yi karatu.

Wannan fata a shekarun nan ya gamu da cikas irin wanda Abdullahi bai fuskanta ba. Goni da hujjar fiƙihu ya zo, aka amsa masa da hujjar fiƙihu. Abin da yake tsare 'yan mata a gida a wannan yanki yanzu tsoron 'yan bindiga ne, wanda fatawa ba ta kawar da shi. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talatar Mafara, aka kwashe ɗalibai 279, aka sako su bayan 'yan kwanaki. A watan Agusta na shekarar aka afka wa kwalejin aikin gona ta Bakura. A ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 daga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya, gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe makarantu. Kaya tana cikin ƙaramar hukumar Maradun, tare da Faru da Magami.